Yaya matuƙin ƙaramin jirgi zai kauce wa karo da jirgin yaƙi a sama?

Ɗalibin Tuƙi ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu da ke wannan zaure. Ina koyon tuƙin jirgin sama a wata makaranta da ke kudu maso gabashin Amurka, da ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172, kuma lokaci ya matso da zan yi doguwar tafiya ni kaɗai ba tare da malamina a gefe ba. Da na shimfiɗa taswira ina tsara hanya, sai na tarar miƙaƙƙen layin da zai kai ni filin da zan sauka ya ratsa ta cikin wani yanki da aka kewaye da zane mai haƙora, irin wanda ake kira MOA, inda sojojin sama ke atisaye, sannan ya tsallaka wani siririn layi mai launin toka da aka rubuta wa VR da lambobi huɗu a jikinsa, wato layin da jiragen soja ke bi suna atisayen tashi ƙasa-ƙasa.

Na yi tambaya a makaranta, aka ce mini doka ba ta hana mai tafiya da ganin ido shiga irin wannan yanki ba, ko da kuwa sojoji suna ciki, abin da ake bukata kawai shi ne in buɗe ido sosai. Amsar ba ta kwantar mini da hankali ba, domin jirgina da ƙyar yake wuce kilomita 200 a awa, su kuwa na yaƙi an ce suna ninka wannan sau huɗu a kusa da ƙasa. Shin ido kaɗai ya isa ya tsare mutum daga abin da ke tafiya da irin wannan gudu? Shin radar da ke hancin jirgin yaƙi tana ganin ƙaramin jirgi kamar nawa, har in dogara da cewa shi zai kauce mini? Kuma wanne ya fi dacewa, in ratsa yankin ko in zagaye shi, alhali zagayen zai ƙara mini mai da lokaci? Ina roƙon waɗanda suka san harkar su haska mini.

Kyaftin Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da aka gaya maka game da doka gaskiya ne, sai dai wanda ya ce ka buɗe ido bai yi maka lissafin lokacin da idon yake da shi ba, kuma a wannan lissafi maganar take.

Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta daɗe da wallafa shi a takardar shawararta mai lamba 90-48. Matuƙi na bukatar sakan 12.5 daga lokacin da idonsa ya faɗa kan wani abu a sama zuwa lokacin da jirginsa zai fara kaucewa. Sakan ɗaya yana tafiya wajen gane cewa jirgi ne, biyar wajen fahimtar cewa hanyarku ɗaya, huɗu wajen yanke shawarar inda za a karkata, biyu kafin jirgin ya amsa umarnin hannu, ɗan abin da ya rage kuma na ganin farko ne da motsin jiki. To, ka ɗauki jirgin yaƙi mai gudun not 450, wato kimanin kilomita 830 a awa, yana fuskantar naka mai not 100. Tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da kusan mita 280 a kowane sakan, ke nan dole ka hango shi tun yana nesa da kai da kilomita uku da rabi kafin sakan 12.5 ɗin su ishe ka. Faɗin fukafukan jirgin yaƙi samfurin F-16 bai wuce mita 10 ba, kuma daga wannan nisa girmansa a idonka kamar ƙwayar gero ce da ka riƙe a yatsu ka miƙe hannu, ga shi an shafa masa launin toka da gangan don kada a gan shi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne jirgin da zai yi karo da kai ba ya motsi a gilashinka. Wanda ka ga yana zamewa hagu ko dama zai wuce ka ne. Wanda ke kan hanyarka yana tsaye cak a wuri ɗaya, yana girma a hankali yadda ba za ka lura ba, sai a sakan biyu ko uku na ƙarshe ya cika gilashin gaba ɗaya. Gefen idon ɗan Adam kuwa motsi yake kamawa, abin da ke tsaye ba ya jan hankalinsa. Shi ya sa ake koyar da ku duba sama yanki-yanki, kowane yanki bai wuce digiri 10 ba, ana tsayar da ido aƙalla sakan ɗaya a kowanne, maimakon share sararin da kallo ɗaya. Ka koyi wannan da kyau, ka kuma riƙa ɗaga fiffike kafin ka juya tunda na Cessna a sama yake kuma yana rufe ɓangaren da kake juyawa, amma ka san cewa wannan katanga ce ta ƙarshe, ba ta farko ba.

Akwai hatsarin da nake so ka nemi rahotonsa ka karanta, tunda ya faru a yankin da kake. Ranar 7 ga Yuli, 2015, wani F-16 daga sansanin Shaw yana gwajin sauka da na'urori a filin Charleston da ke Karolina ta Kudu, sai wani Cessna 150 ya tashi daga ƙaramin filin gundumar Berkeley kusa da garin Moncks Corner, ɗauke da mutum biyu, uba da ɗansa. Rana ce tsaka, sama a buɗe. Matuƙin Cessna ba ya magana da masu kula da zirga-zirga, kuma doka ba ta tilasta masa ba a wannan wuri, amma tiransfondarsa, wato na'urar da ke amsa wa rada tana nuna inda jirgi yake da tsayinsa, tana aiki, don haka an gan shi a rada. Mai kula da zirga-zirgar ta sanar da matuƙin F-16 cewa akwai jirgi a gabansa da nisan mil biyu, ta ce idan bai gan shi ba ya juya hagu ya fuskanci kudu, sannan ta maimaita cewa ya juya nan take. Ya juya, amma a hankali irin juyin da ake yi lokacin tafiya da na'urori, kuma juyin bai raba hanyoyinsu ba. Cikin ƙasa da minti ɗaya daga gargaɗin farko suka haɗu a wajen ƙafa 1,500. Mutum biyun da ke cikin Cessna sun rasu, shi kuma sojan ya cillo kansa waje ya sauko da lema.

Ka lura da cewa wannan bai faru a cikin MOA ba, bai faru a kan layin atisaye ba, kuma jirgin yaƙin ba ya kan irin gudun da na yi maka lissafi da shi ɗazu. An gaya wa sojan inda zai duba, ya duba, bai gani a kan lokaci ba. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta ɗora babban dalilin a kan yadda aka warware matsalar daga ɗakin rada, ta kuma ambaci gazawar tsarin dogaro da ido, har ta fitar da gargaɗi ga matuƙa a 2016 cewa kada su dogara da gani kaɗai.

Game da radar hancin jirgin yaƙi, kada ka sa ta a lissafinka. An ƙera ta ne don neman abokin gaba mai gudu, kuma a kusa da ƙasa tana tace abubuwan da ke tafiya a hankali don kada motoci da tuddai su cika mata allo, ƙaramin jirgi irin naka kan iya faɗawa cikin abin da ta tace. Yawancin jiragen yaƙi kuma ba su da TCAS, na'urar gargaɗin karo irin ta jiragen fasinja. Shawarata ita ce, a tafiyarka ta farko kai kaɗai, idan yankin yana aiki ka zagaye shi. A cikin MOA jirgi kan sauko ko ya hau dubban ƙafa cikin 'yan sakanni yana bin abokin atisayensa, hankalin matuƙin kuma yana kan wancan, ba a kanka ba.

Tsohuwar Mai Kula da Rada ta amsa:

Ranka ya daɗe Kyaftin, na yarda da lissafinka duka, amma ina so in ƙara abin da ake gani daga wancan ɓangare na rediyo, domin ɗan namu ya san abin da mai kula da zirga-zirga zai iya yi masa da abin da ba zai iya ba.

Da farko, ƙanena, sojoji da farar hula ba a zango ɗaya suke magana ba. Rediyonka yana aiki tsakanin megahaz 118 da 137, nasu kuwa galibi tsakanin 225 da 400. Ma'aikaci ɗaya yana iya magana da ku duka a lokaci guda, amma kai ba za ka ji amsar sojan ba, shi ma ba zai ji taka ba. Wannan ya sa sanar da matsayinka a zangon ƙaramin filin da ka tashi ba ya kai wa kunnen jirgin yaƙin da ke wucewa mil biyar daga nan. Hanyar da za ta haɗa ku ita ce ka kira ma'aikatan rada da zarar ka bar kewayen filin, ka nemi su riƙa bibiyar tafiyarka suna sanar da kai jiragen da ke kusa. Kyauta ne, kuma ɗalibai da yawa suna gudunsa ne kawai don tsoron kada harshensu ya sarƙe a rediyo. Ka gaya musu kai ɗalibi ne, za su sassauta maganarsu. A hatsarin da Kyaftin ya kawo, ma'aikaciyar tana da jirgi biyu a allo amma ɗaya kawai take iya yi wa magana, ba ta san nau'in ɗayan ba, ba ta san ko zai ci gaba da hawa ba. Da Cessna ɗin yana kan zangonta, da kalma ɗaya ta tsayar da shi a ƙasa da tsayin F-16.

Duk da haka kada ka ɗauka wannan hidima lamuni ce. Ana yin ta ne idan aiki bai yi yawa ba, kuma alhakin kaucewa yana nan a wuyanka. Ranar 16 ga Nuwamba, 2000, wasu F-16 guda biyu daga sansanin Moody na jihar Jojiya suna saukowa don shiga layin atisaye a Fulorida, sai na'urar nuna hanya ta jagoransu ta karkace da mil da dama, suka kutsa sararin da ake bukatar izini kusa da Bradenton ba tare da sun sani ba, da gudu mai yawa. Wani Cessna 172 da ya tashi daga filin Sarasota yana magana da ma'aikatan rada, yana inda ya kamata ya kasance, amma aka buge shi, matuƙinsa ya rasu. Abin lura a nan shi ne jagoran ya wuce, na biyun ne ya yi karon. Jiragen yaƙi ba safai suke tafiya ɗaya-ɗaya ba, bibbiyu ne ko hurhuɗu, kuma a al'ada jagora ne kaɗai ke kunna tiransfonda, na bayansa kuma yana iya kasancewa mil guda ko fiye a gefe, idonsa a kan jagoran. Idan ɗaya ya wuce ka, kada ka bi shi da kallo, ka juyo ka nemi ɗan'uwansa a inda na farkon ya fito.

Sai maganar layin da ka gani a taswira. Lambobi huɗu suna nufin babu wani sashe nasa da ya haura ƙafa 1,500 daga doron ƙasa, lambobi uku kuwa suna nufin akwai sashen da ya haura hakan. Wannan labari ne mai daɗi a gare ka, domin idan ka tsallaka shi a ƙafa 4,500 ko 5,500, gwargwadon alƙiblarka, ka bar su can ƙasa. Sai dai siririn zanen tsakiyar hanyar kawai yake nunawa, faɗinta na gaskiya kan kai mil da yawa a kowane gefe, kuma a kan irin waɗannan layuka ne aka ɗage wa sojoji dokar nan da ta hana wuce not 250 a ƙasa da ƙafa 10,000. Ka tsallaka shi a gicciye, kada ka bi tsawonsa. Layukan VR kuma ba a amfani da su sai ana gani har mil biyar kuma gajimare bai sauko ƙasa da ƙafa 3,000 ba, wato ranar da ka ga ta yi maka kyaun tashi, su ma ita ce tasu.

A kan MOA kuwa ina da ɗan bambanci da Kyaftin. Ba kullum yankin ke aiki ba. A gefen taswirarka akwai jadawalin da ya nuna tsayinsa na ƙasa da na sama, da sa'o'in aikinsa, da ofishin da ke kula da shi. Sau da yawa za ka tarar gindinsa ya fara ne daga tsayin da ya fi naka, ka wuce ta ƙarƙashi lafiya, ko kuma a ce maka babu kowa a ciki a wannan sa'a. Ka tambaya kafin ka tashi, ka sake tambaya a rediyo kafin ka isa bakinsa, domin jadawalin sojoji kan canja. Idan aka ce yana aiki, to na koma bayan Kyaftin, ka zagaye, ba don tsaron kanka kaɗai ba, har don shigarka kan tilasta musu dakatar da atisayen da aka kashe kuɗi mai yawa wajen shiryawa. Sansanonin sojan saman Amurka kuma suna da shirin wayar da kan matuƙan farar hula mai suna MACA, suna raba ƙasidu masu nuna hanyoyinsu da tsayin da suke bi. Ka nemi ta sansanin da ya fi kusa da ku.

Mazaunin Ingila ya amsa:

Gaisuwa ga Kyaftin da Hajiya. Zan kawo abin da aka koya a Birtaniya, inda ba a keɓe wa sojoji siraran layuka kamar na Amurka ba, kusan duk karkarar ƙasar a buɗe take ga atisayen tashi ƙasa-ƙasa, ban da saman manyan garuruwa da wasu wurare da aka ware. Jiragen yaƙi suna saukowa har ƙafa 250, a wasu yankuna uku na musamman ma har ƙafa 100, da gudun da ya kai mil bakwai na ruwa a minti ɗaya. Tunda ba za ka iya kauce musu ta hanyar zagaye ba, sai aka mai da hankali kan tsayi.

Hatsari biyu ne suka fi zama a zukatan matuƙa a nan. Ranar 29 ga Agusta, 1991, jirgin yaƙi samfurin Jaguar ya yi karo da Cessna 152 a saman ƙauyen Carno da ke Wales, matuƙin Cessna ya rasu tare da ɗaya daga cikin sojoji biyun. Ranar 21 ga Janairu, 1999, jirgin yaƙi samfurin Tornado daga sansanin Cottesmore ya haɗu da wani Cessna 152 a Mattersey, mutum huɗu suka rasu, cikinsu har da wani ɗan Italiya da ke samun horo. A duka biyun ƙaramin jirgin yana ƙasa sosai ne a kan harkar ɗaukar hoto daga sama, wato yana cikin tsayin da sojoji suka fi bi, yana kewaya wuri ɗaya, hankalin na ciki kuma yana kan abin da ke ƙasa. A 1993 ma Tornado ya bugi wani helikwafta mai duba bututu a Cumbria. Shi ya sa akwai tsarin da mai aiki a ƙasa-ƙasa zai sanar da sojoji tun kafin ya tashi don a gargaɗi matuƙansu, kuma a 'yan shekarun nan aka ware zangon 130.490 wanda soja da farar hula za su iya jin juna a kai idan suna ƙasa.

Shawarar da hukumar sufurin sama ta nan ke bayarwa mai sauƙi ce, kuma ina ganin za ta yi maka amfani a can. Ka haura ƙafa 2,000 daga ƙasa idan hali ya yi, kada ka daɗe a ƙasa da 1,000, kuma ka guji tsakanin 250 da 500 sai lokacin tashi da sauka. Ranar da 'yan'uwa suka roƙe ka ka sauko ka kewaya saman gidansu don su ɗauki hoto, ka tuna Carno.

Abu ɗaya zan ƙara a kan kaucewar ƙarshe. Doka ta ce idan kuna fuskantar juna kowa ya karkata dama, kuma haka ya kamata a yi muddin akwai lokaci. Amma binciken da hukumar Ostireliya ta fitar a 1991 kan iyakar dogaro da ido ya nuna cewa idan lokaci ya ƙure, kwantar da fiffike don juyawa yana iya ƙara faɗin abin da za a buga, alhali jirgin bai riga ya bar hanyarsa ba. A irin wannan hali, tura hanci ƙasa ko ja shi sama ya fi saurin fitar da kai daga layin.

Ɗalibin Tuƙi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Kyaftin, Hajiya da Malam. Na duba jadawalin gefen taswirar kamar yadda Hajiya ta ce, na tarar gindin yankin ya sauko ƙasa da tsayin da zan bi, don haka zan tsara hanyar zagaye in riƙe ta, in kuma tambaya ranar tafiyar. Tambayoyi biyu suka rage mini. Jirgin makarantarmu yana da ADS-B, na'urar da jirgi ke watsa matsayinsa da ita don wasu su gan shi, kuma ina ganin jiragen da ke kusa a allon kwamfutar hannu, shin jiragen soja suna fitowa a kai? Sannan niyyata in koma gida Najeriya in yi aiki idan na kammala, ko waɗannan darussa suna da amfani a can, inda ƙananan jirage ba su da yawa?

Malamin Tuƙi daga Arewa ya amsa:

Ƙanena, allon yana da amfani ƙwarai, kuma binciken hatsarin Moncks Corner ya nuna cewa da akwai irinsa a Cessna ɗin, da matuƙin ya sami gargaɗi tun da sauran lokaci. Amma allon da babu komai a kansa ba shaida ce ta cewa sama babu kowa ba. Tun 1 ga Janairu, 2020 aka wajabta ADS-B a sararin Amurka mai cunkoso, sai dai an ba jiragen gwamnati damar kashe shi a ayyukan da suka shafi tsaro, kuma ba kowane jirgin soja ke watsa shi ba. Wanda ya kunna tiransfonda kawai yana iya bayyana a allonka ta hanyar tashoshin ƙasa, muddin rada tana ganinsa, amma wanda ke ƙafa 300 a bayan tudu rada ba ta ganinsa, na biyu a jerin kuma, kamar yadda Hajiya ta faɗa, sau da yawa ba ya watsa komai. Akwai kuma haɗarin da allon kansa ke kawowa, wato ɗalibi ya sunkuyar da kai yana neman jirgi a kwamfuta alhali jirgin yana gilashi. Ka haɗa sautin gargaɗin da abin sauraronka, allon ya gaya maka inda za ka duba, idonka kuma ya zauna a waje. Ka kunna fitilar sauka ko da rana ce, musamman a kusa da filaye.

Batun gida kuwa, ƙarancin ƙananan jirage bai kawar da matsalar ba, ya dai canja mata kama. A Arewa farar hula da soja suna kusa da juna sosai. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba ta da nisa da Kaduna inda sojan sama ke da makarantar horon farko, a Kano kuma jiragen horo samfurin L-39 suna amfani da filin Malam Aminu Kano tare da jiragen fasinja, haka filin Maiduguri yake ɗaukar soja da farar hula. Ga Makurdi da Kainji da nasu jiragen yaƙin. Sannan muna da abin da Karolina ba ta da shi, wato hazon hunturu, wanda a wasu ranaku kan rage gani a Kano zuwa ƙasa da kilomita ɗaya. Ranakun da suka fi ba ni tsoro ba waɗannan ba ne, tunda ba mai tashi da ganin ido a cikinsu. Ranakun da ake gani kilomita biyar ne, daidai iyakar da ƙa'ida ta yarda a tashi. Da lissafin Kyaftin na mita 280 a sakan, kilomita biyar ba su kai sakan 18 ba, kuma wannan idan ka hango shi tun daga bakin hazon ke nan, abin da ba ya yiwuwa da jirgi mai launin toka a cikin ƙura. Idan ka dawo, ka nemi littafin bayanan sararin sama na ƙasa da NAMA, hukumar kula da sararin saman Najeriya, ke fitarwa, ka karanta sashen ENR 5.1 mai jerin wuraren da aka haramta, da waɗanda aka taƙaita, da masu haɗari, ka kuma duba sanarwar da ake fitar wa matuƙa, wato NOTAM, kafin kowace tafiya, domin a yankunan da ake aikin tsaro abubuwa kan canja daga rana zuwa rana.

Akwai kuma yanayin da jirgin yaƙi zai matso ka da gangan, kuma nan ma ana yin karo. Ranar 23 ga Yuni, 2014, a kusa da Olsberg ta Jamus, wani ƙaramin jirgi samfurin Learjet ya bugi jirgin yaƙi samfurin Eurofighter a lokacin atisayen tare jirgi, mutum biyun da ke cikin Learjet suka rasu, alhali dukansu sun san da juna kuma shiri ne aka yi. Idan ka ga jirgin soja ya zo ta hagunka, ya ɗan shige gaba yana girgiza fukafukai, ma'anarsa an tare ka, ka bi shi. Ka girgiza naka don ya san ka fahimta, ka riƙe tsayinka da alƙiblarka har sai ya nuna maka inda za ka bi, ba tare da wani juyi na ba-zata ba, domin akwai yiwuwar na biyu yana bayanka inda ba ka ganinsa. Ka koma zangon gaggawa na 121.5 ka faɗi lambar jirginka da inda za ka, ka sa 7700 a tiransfonda sai idan ma'aikatan rada sun ba ka wani umarni. Saboda ba zai iya rage gudu ya daidaita da Cessna ba, za ka ga yana wuce ka yana zagayowa, kuma kada ka shiga bayansa kai tsaye saboda guguwar da fukafukansa ke bari. Idan ya yi juyi mai kaifi yana hawa ya rabu da kai, an sallame ka ke nan. Idan kuwa ya sauke tayoyinsa ya bi ta saman titin wani fili, yana nufin ka sauka a wannan filin.